Daga Gwanja Zuwa Gwanzu: Tarihin Zangon da Ba Ya Zama Gari



Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar amfanin gona ta Gadarif lokacin kaka ya san yadda ake gwanjon riɗi: dillalai na ɗaga murya, ana faɗin farashin ƙinɗari, manyan motoci sun yi layi suna jiran lodi zuwa Port Sudan. Abin da ba kowa ke tsayawa ya tambaya ba shi ne, ina wannan riɗi yake ƙarewa? Kaso mai yawa nasa ƙasar Sin yake tafiya, domin shekaru da dama ke nan tana cikin manyan masu sayen riɗin Sudan. Idan kuma manomin da ya yanke shi ya karɓi kuɗinsa ya shiga kasuwa, takalmin da zai saya wa ɗansa, da tocila, da wayar hannu, da mayafin uwargida, akasarinsu daga can suka fito. Wato tsakaninmu da mutanen Sin akwai ciniki kullum, ko da ba mu taɓa haɗa ido ba. Hatta kwaltar da ta haɗa mu da Wad Madani, da gadar Hantub da ke kan Shuɗin Nilu, Sinawa ne suka gina su a shekarun 1970. Wani abin dariya, tsohon sunan garinmu shi ne Suk Abu Sin, sai dai wannan Sin ɗin ba ta da dangantaka da waccan. Sunan gidan sarautar Shukriyya ne, kuma haƙori ake nufi.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne, tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, matasanmu da yawa sun shiga tunanin fita. Wasu Masar, wasu Saudiyya, wasu Libiya, wasu kuma sun ji labarin 'yan uwanmu na Kano da Maraɗi da ke zuwa wani birni a kudancin Sin suna ciko kwantena. Sunan birnin Gwanzu, a rubuce Guangzhou, Turawan da kuma suna ce masa Kanton. Na ga ya dace mu san tarihin zaman baƙi a wannan birni kafin wani ya sayar da gonar gado ya yanki tikiti.

Sai mun fara da namu tarihin, domin da shi za mu auna nasu.

Bahaushe bai koyi fatauci jiya ba. Ɗaruruwan shekaru ayarin fatake na tashi daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, su kai kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro daga kasuwar Salaga. Tafiya ce ta watanni, madugu na gaba da shawara, jagaba na duba hanya. Amma abin da ya riƙe wannan fatauci ba jakuna ba ne, zango ne. A kowane babban masauki akwai fatoma, wanda zai sauke baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya yi masa tafinta, ya kuma tsaya masa idan rigima ta taso. Akwai sarkin zango da ke magana da masu gari a madadin baƙi, akwai liman. In aka jima, wasu fataken sai su yi aure, su haƙa rijiya, su dasa itace, zango ya zama unguwa. Haka aka samu zangon Kumasi da Sabo na Ibadan.

Tafiyar gabas ma haka ta kasance, sai dai ita guzurinta niyyar hajji ce. Tun kafin zuwan Turawa mutanen yamma, waɗanda Larabawa ke kira Takari, suna ratsa Wadai da Darfur da Kordofan su nufi Sawakin ko Masawa, har Gallabat da ke kusa da mu ta daɗe a hannun shehunan Takari. Da Ingilishi suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira da ɗimbin jama'a, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira, har suka yada zango a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da ake kira da sunansa har yau. Bayansu wasu suka yi ta biyowa. Mahajjaci yakan tsaya ya yi noma shekara biyu ko uku don ya tara kuɗin jirgin ruwa. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, hannun kakanninmu na cikin waɗanda suka tsinci audugar. Da aka fara noman inji a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, aka sake neman masu shema da masu yankan dawa da riɗi, sai ga su a Gadarif. Shekara uku ta zama talatin. Wanda ya fito da niyyar wucewa, ga jikokinsa suna karanta wannan rubutu.

To, a riƙe wannan a zuciya: zangon Bahaushe, a yamma ko a gabas, yakan rikiɗe ya zama gari.

Gwanzu kuwa tsohuwar tashar jiragen ruwa ce a bakin Kogin Lu'ulu'u, kuma ta san baƙi tun kafin a gina ganuwar Kano. A zamanin daular Tang, Larabawa da Farisawa suna zuwa da turare da hauren giwa, su koma da siliki da tangaran. Suna kiran birnin Khanfu. Hukuma ta ware musu unguwa tasu, ta naɗa musu shugaba daga cikinsu. Wani littafin Larabci da aka rubuta a shekarar 851, wanda ake jingina labaransa ga wani ɗan kasuwa mai suna Sulaiman, ya bayyana cewa sarkin Sin ya ɗora wani Musulmi ya riƙa yanke hukunci tsakanin Musulmi, shi ne kuma ke jan sallar idi ya yi huɗuba. In ba sarkin zango ba, me za mu kira wannan mutum? Masallacin Huwaisheng, mai doguwar hasumiya, yana nan tsaye a tsohuwar unguwar, kuma ana lissafa shi cikin mafi daɗewa a ƙasar. Musulmin Sin suna riƙe da ruwayar cewa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne ya kafa shi, har akwai kabarin da ake dangantawa da shi a arewacin tsohon birnin. Malaman tarihin Musulunci dai sun tafi a kan cewa sahabin ya rasu kusa da Madina, an rufe shi a Baƙi'a. Ko ma mene ne, a harabar wannan kabari ake yin babbar Juma'ar birnin, inda za ka ga Bahaushe da Bayamane da ɗan Pakistan da Basine Musulmi a sahu guda.

Wancan tsohon zango bai ƙare lafiya ba. Wajen shekarar 879 wani ɗan tawaye mai suna Huwang Cawo ya ci birnin, ya karkashe baƙin 'yan kasuwa. Marubucin nan Abu Zaid na Siraf ya ce mutum dubu 120 ne suka halaka, Musulmi da Yahudu da Nasara da Majusawa. Adadin marubutan da akan yi masa ragi, amma ko an raba shi goma, abin ya kai a girgiza kai. Ƙarnoni bayan haka, daga 1757 zuwa 1842, sarakunan Sin suka mayar da Kanton ita kaɗai ce ƙofar da Turawa za su yi ciniki ta ruwa. An killace su a wani ɗan fili a bakin kogi, wajen ganuwa, ba a yarda su kawo matansu ba, kuma in kakar ciniki ta wuce sai su koma Makawo. Wannan ita ce tsohuwar ɗabi'ar birnin: ka zo da kuɗinka, ka saya, ka sayar, amma kada ka manta kai baƙo ne.

Zuwan 'yan Afirka da yawa sabon abu ne. An fara babban bajekolin Kanton a 1957, sau biyu a shekara, kuma ana yinsa har yanzu a watannin Afrilu da Oktoba. Amma sai bayan 1978, da Deng Shiyawping ya buɗe ƙofar kasuwanci, lardin Gwandong ya cika da masana'antu. Har cikin shekarun 1990 'yan kasuwar Afirka ta Yamma sun fi zuwa Dubai da Bankok da Jakarta da Hong Kong. Da tattalin arzikin Tailan da Indonesiya ya durƙushe a 1997, waɗanda suka zauna can, musamman 'yan Mali da Gini da Najeriya, suka tattara suka matsa kusa da inda ake ƙera kayan. Da Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a ƙarshen 2001, sai ƙofa ta buɗe wangam.

Unguwa biyu suka yi suna. Sanyuwanli, inda kasuwannin tufafi da takalma suke, ta fi cika da Inyamurai. Shawbei kuwa, da dogon benen nan na Tiyanshu mai cike da shaguna da ofisoshin aika kaya, ita ta zama ta Musulmi: 'yan Mali, Gini, Senegal, Nijar, da Hausawan Najeriya da Ghana, tare da Larabawa. Dalilin a fili yake. Tun da farko akwai Musulmin Sin, 'yan ƙabilar Hui da Uigur, masu gidajen abinci a wurin, don haka akwai naman da aka yanka da bisimilla. Matafiyi kuwa inda cikinsa ya natsu nan yake sauke kaya. 'Yan kasuwar Sudan da sauran Larabawa da yawa sukan zarce wani gari mai suna Yiwu, a lardin Zhejiyang, wanda ya shahara da ƙananan kayan masarufi.

Nan ne abin ya fi ba ni sha'awa, domin tsarin da ya tsiro a Shawbei, in ka cire lif da wayar hannu, tsarin Salaga ne. Mutane kashi biyu ne. Akwai masu zuwa su koma, su ne fataken zamani: mako biyu ko uku, daga Kano ko Yamai, galibi ta Addis Ababa ko Dubai ko Alƙahira, su sayi shadda da atamfa da leshi, wayoyi, kayan babur, fale-falen sola, tayil, su juya. Akwai kuma mazauna, su ne fatoma. Mazauni ne zai tarbi baƙo a filin jirgi, ya kama masa ɗaki, ya kai shi kasuwa ko masana'anta a garuruwan kewaye irin su Foshan da Dongwan, ya yi tafinta, ya bi sawun kaya bayan baƙon ya tafi, ya tabbatar abin da aka zuba a kwali shi ne abin da aka nuna a samfur. Ladansa la'ada ce, wani lokaci daga mai saye, wani lokaci daga mai sayarwa, wani lokaci, Allah ya kyauta, daga duka biyun ba da sanin ɗayan ba. Wanda ba shi da ƙarfin cika kwantena sai ya haɗa da wasu, a auna kayansa da mita a caje shi, kamar yadda ƙaramin falke kan jingina jakinsa ga ayarin madugu. Kaya marasa nauyi masu tsada, kamar waya, jirgin sama suke bi, ana biya kilo-kilo. Inda harshe ya gaza, na'urar lissafi ke magana: mai shago ya danna farashi, kai ka goge ka danna naka, har a daidaita. Wasu daga cikin mazaunan Hausawa da suka yi ƙarfi a wannan aiki ɗalibai ne da suka je karatu suka iya Sinanci, domin a can harshe shi ne jari na farko.

Kuɗi kuma amana ke ɗaukarsu. Mutum ya ba da naira a Kano ko sefa a Maraɗi, ɗan uwan mai canjin ya ba da yuwan a Gwanzu, ba takarda sai saƙon waya. Mu a Sudan mun fi kowa sanin wannan hanya, tunda takunkumin Amurka daga 1997 zuwa 2017 ya sa aika kuɗi ta banki ya zama wahala, dole ana bi ta Dubai.

Sai dai wannan ciniki yana da wanda ya kayar. Bature Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya yi mamakin yadda tufafin da aka saƙa aka rina a can ke kaiwa Timbuktu da Murzuk da Tarabulus. Bayan mulkin kai Kaduna da Kano suka cika da masaƙu na zamani. Wani abin lura, mafi girmansu, UNTL ta Kaduna, wani attajirin Hong Kong mai suna Cha Chi Ming ne ya kafa ta a 1964. Wato Basine ne ya taimaka aka gina masaƙar, kayan Sin kuma na cikin abin da ya rufe ta a 2007, tare da rashin wutar lantarki da fasa-ƙwauri ta iyakar Nijar. Ba adalci ba ne a ɗora wa Sinawa laifin duka, domin 'yan kasuwarmu ne suka riƙa ɗaukar samfurin zanen gida suna kaiwa a buga musu mai araha. Daga baya Sinawan suka gane hanya, suka biyo kayansu har Kantin Kwari, suka kama sayarwa da kansu. A watan Mayun 2012 jami'an shige da fice suka kama sama da 40 daga cikinsu a Kano bisa zargin yin kasuwancin da izininsu bai ba su ba. Wanda ya nuna wa kura hanyar turke, ba shi da bakin kuka.

Yanzu ga inda Gwanzu ta rabu da Gwanja, ta kuma rabu da Gadarif.

A can baƙo ba ya sayen fili, domin ƙasar birni ta hukuma ce. Duk inda ya sauka wajibi ne a yi masa rajista wurin 'yan sanda cikin sa'a 24. Bizar kasuwanci gajera ce, kuma ba ta halatta aiki. Da yawa sukan fita zuwa Hong Kong ko Makawo su sake shigowa don kwanakinsu su sabunta, kuma tun wajen wasannin Olamfik na 2008 wannan ya ƙara tsauri. Wanda kwanakinsa suka ƙare ya zama abin farauta: ba ya kwana da ido biyu rufe, ba ya iya zuwa asibiti cikin natsuwa, in an cuce shi ba ya iya kai ƙara. A watan Yulin 2009 wani ɗan Najeriya ya faɗo daga bene yana gudun masu duba fasfo, labari ya bazu cewa ya mutu, ɗaruruwan 'yan Afirka suka taru a ƙofar ofishin 'yan sanda suka tare titi, abin da ba a saba gani daga baƙi a ƙasar ba. A watan Yunin 2012 aka sake yin irinta, bayan wani ɗan Najeriya ya mutu a hannun 'yan sanda sakamakon saɓani da mai babur kan kuɗin haya. Sabuwar dokar shige da fice da ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2013 ta sa tarar yuwan 500 a kan kowace ranar da mutum ya ƙara, har zuwa dubu 10, ko tsarewa, sannan kora.

Aure ma bai warware ba. Akwai 'yan Afirka da dama da suka auri matan Sin, suka haihu, shagon ma da sunan matar yake. Amma izinin zama na iyali ba izinin aiki ba ne, takardar zaman dindindin kuwa ƙalilan ke samu. Dokar ƙasar ba ta yarda mutum ya riƙe jinsiyya biyu ba, don haka ɗan da aka haifa dole a zaɓar masa ɗaya. Mutum ya shekara goma sha biyar a gari, yana jin harshensu kamar jakin Kano da Hausa, amma zamansa duka yana rataye a kan hatimi guda da ake sabuntawa.

Mu ba baƙin wannan ciwo ba ne. Dokar jinsiyyar Sudan ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna ƙasar tun ƙarshen 1897, sharaɗin da ya bar iyalai da yawa da suka zo bayan Burmi a tsakiya, har sai da aka sassauta shi daga baya. Dattawanmu sun san abin da ake ji idan aka ce kawo shaida kai ɗan ƙasa ne, a garin da aka binne cibiyarka. Abin da ya fito da mutanenmu kan titunan Gadarif da Kasala da Port Sudan a 2008, ya sake fito da su a watan Yulin 2022 bayan abin da ya faru a jihar Shuɗin Nilu, bai wuce wannan tambaya ba. Amma duk da haka akwai bambanci babba. Mu muna jayayya ne a kan ƙasar da muka nome, muka binne iyayenmu a cikinta, kuma doka ta ƙare da amsa cewa tamu ce. Mazaunin Shawbei ba shi da ma inda zai tsaya ya fara jayayyar.

Shekarar 2020 ta fito da wannan fili. A watan Afrilu, da tsoron korona ya sake tashi a birnin, masu gidaje da otal-otal suka riƙa fitar da baƙaƙen fata, aka tilasta musu gwaji da killacewa ko da ba su yi tafiya ba. Hotunan mutane kwance a gefen titi da jakunkunansu suka zaga duniya. Jakadun Afirka a Beijin suka rubuta takardar koke, kakakin majalisar wakilan Najeriya na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa bidiyon ido da ido. Hukumomin Sin sun ce ba su da manufar wariya, sun kuma yi alkawarin gyara. A wannan wata hukumar birnin ta ce 'yan Afirka 4,553 ne ke zaune a Gwanzu, alhali a 2014 ta ƙirga kimanin dubu 16. Duka wannan a birnin da mutanensa suka haura miliyan 18. Masu cewa 'yan Afirka sun cika Gwanzu, daga cikinmu da daga cikinsu, ba su yi lissafi ba.

Ba na so a fahimce ni cewa babu alheri a tafiyar. Akwai gidaje a Kano da Zinder da aka gina da ribar Gwanzu, akwai yaran shago da suka zama masu gidan kansu. Akwai kuma wata hanyar zama dabam da ta girmi ta kasuwa: tun 1963 gidan rediyon Sin ke watsa shiri da Hausa, kuma Hausawa ma'aikata sun zauna a Beijin shekara da shekaru da takardun aiki cikakku, suna aiki tare da Sinawan da suka koyi harshenmu a jami'a har suna jefa karin magana. Ɗalibai ma suna tafiya karatun likita da injiniya. Waɗannan duka sun shiga ta ƙofa, da takarda a hannu da ranar komawa.

Da aka sake buɗe iyakoki a farkon 2023 fatake sun koma, amma kasuwar ta riga ta sauya. Abin da a da sai mutum ya je da ƙafarsa, yanzu ana nuna masa ta bidiyo a WeChat ko WhatsApp, ya zaɓa, ya biya, a loda. Masana'antun da kansu sun buɗe rumbuna a Legas da Kano da Dubai. Aikin fatoma bai mutu ba, domin har gobe ana bukatar idon da zai buɗe kwali ya duba kafin a rufe kwantena, sai dai mutum ɗaya yanzu yana yi wa 'yan kasuwa da yawa abin da a da mutane da dama ke yi. Ga ɗan Gadarif kuma akwai ƙarin nauyi: fam ɗin Sudan ya faɗi warwas tun da aka fara yaƙi, kuma duk abin da ya saro da dala, da fam zai sayar da shi ga mutanen da abinci ya fi takalmi damunsu.

Riɗin da za a yanka bana dai zai bi ta Port Sudan kamar kullum, ya ratsa Bahar Maliya, tekun da kakanninmu suka zo nan don su haye, ya yi kudu ta Babul Mandab, sannan ya miƙe gabas.